Noman Wake a Katsina da Daura: Daga Zaɓen Iri Zuwa Ɗaure Buhu

A yawancin gonakinmu na Katsina da Daura wake ɗan rakiya ne. Sai an shuka gero, an yi masa noman firi, sannan a bi tsakanin kunyoyi ana jefa wake nan da can, abin da Allah ya bayar a rora a kai gida. Da irin wannan noma da wuya hekta ta wuce buhu biyu ko uku. Ita dai wannan ƙasa, idan aka ware wa wake filinsa, aka sa iri mai kyau, aka yi feshi a kan kari, tana iya ba da buhu 12 zuwa 15. Ƙarfin ƙasa yana da nasa rabo a wannan bambanci, amma mafi yawan asarar ƙwari ne ke jawo ta, kuma sau biyu suke cin manomi: lokacin fure a gona, da bayan an kai wake ɗaki. Wanda ya tsare waɗannan wurare biyu ya gama da babban aikin.

Hekta a nan tana nufin fili mai mita 100 a tsaye da 100 a kwance, wato kusan eka biyu da rabi. Buhu kuma na kilo 100, mai cin tiya 40.

Gona da iri

Wake yana son jigawa mai ɗan ƙarfi, wadda ruwa ba ya kwanciya a cikinta. Yana jure ƙishi fiye da masara nesa ba kusa ba, amma in ruwa ya kwana biyu a gindinsa sai saiwa ta ruɓe, ganye ya yi ɗorawa. Don haka a guji kwari da laka mai riƙe ruwa, in kuma dole ce a ɗaga kunya sosai. Kada a maimaita wake a fili ɗaya shekara da shekaru. Bana wake, baɗi gero ko dawa. Geron zai ci moriyar ƙarfin da wake ya bari.

Kafin a sayi iri a tambayi kai: ƙwaya nake nema, ko harawa, ko duka biyu? Irin gargajiya mai yaɗo kamar kanannado yana ba da harawa mai yawa da ƙwaya manya da kasuwa ke so, sai dai ba ya fure sai rana ta fara gajarta wajen ƙarshen Satumba zuwa Oktoba. A Daura, Zango, Baure, Mai'aduwa da Kaita, inda ruwan shekara bai cika wuce milimita 600 zuwa 700 ba, in damina ta ɗauke da wuri sai a tashi da ganye babu ƙwaya. A kudancin jiha, su Funtuwa da Bakori, inda ruwa ya fi yawa kuma ya fi daɗewa, ya fi samun yadda yake so.

Ingantattun irin da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Zariya da cibiyar binciken noma ta ƙasa da ƙasa, IITA, suka fitar suna ɗauke da sunan SAMPEA. Ga ƙasarmu, waɗanda suka fi dacewa su ne SAMPEA 10, da SAMPEA 14 da 15 da aka fitar a 2011. Farare ne, suna nuna cikin kwana 70 zuwa 80, kuma suna jure ƙudujin wake. Wannan batu na ƙuduji kada a ɗauke shi da wasa. Na wake daban yake da na gero: gajere ne, mai ɗan kauri, yana maƙale wa saiwa yana tsotse ta tun bai fito fili ba, kuma 'ya'yansa suna iya zama a ƙasa fiye da shekara goma suna jira. Gonar da ya kama, babu takin da zai cece ta in an sa irin da ba ya jure shi. In an gan shi ya fito, a tuge shi kafin ya yi fure, a fitar da shi daga gona a ƙone.

Sai kuma SAMPEA 20-T, wanda aka amince da fitar da shi a ƙarshen 2019, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Mohammad Ishiyaku na Samaru. Iri ne da aka sanya wa ƙwayar halitta daga wata ƙwayar cuta ta cikin ƙasa, don tsutsar da ke huda fure da ƙwanso ta mutu in ta ci shi. Akwai masu adawa da irin wannan fasaha, kuma haƙƙin manomi ne ya san abin da yake shukawa. Abin da ya kamata a fahimta a aikace shi ne, tsutsa kaɗai yake karewa. Darɓa, da ƙananan ƙwarin fure, da masu tsotse ƙwanso, da ƙwaron ajiya duk suna cinsa kamar kowane wake. Yana rage feshi zuwa sau biyu, bai soke shi ba.

A sayi iri wurin dillalin da aka sani, cikin ledarsa a rufe, da tambarin hukumar kula da iri ta ƙasa. Malaman gona na KTARDA, hukumar bunƙasa aikin gona ta Jihar Katsina, suna iya nuna inda ake samu. Ko daga ina ya fito, a gwada shi mako guda kafin shuka: a binne ƙwaya 20 cikin yashi mai laima. In 17 ko fiye suka tsiro, iri ne mai rai, biyu-biyu sun isa a rami. In ƙasa da haka ne a sa uku-uku. In rabi ma bai fito ba, a dafa shi a nemi wani.

Shuka da taki

Lokacin shuka da lissafi ake fitar da shi. Ana so wake ya yi fure da sauran laima a ƙasa, ya kuma bushe bayan ruwa ya ɗauke. In an yi sammako da yawa, ƙwanso zai nuna cikin marka ya yi baƙi ya ruɓe. In an makara, fari ya same shi yana fure. Ga iri mai kwana 70 zuwa 75, arewacin jiha a shuka daga farkon Yuli zuwa wajen 25 ga wata. Kudanci daga ƙarshen Yuli zuwa tsakiyar Agusta. A shuka bayan ruwa mai kyau ya jiƙa ƙasa. Wake ba ya son binne kamar gero, zafin yashi yana kashe shi.

Tazara tsakanin kunya da kunya santimita 75, wato kamu ɗaya da rabi, tsakanin rami da rami kuma santimita 20, kusan taƙi ɗaya. Da haka hekta za ta ci iri kilo 25, tiya goma ke nan. Mai yaɗo a ba shi santimita 50 tsakanin ramuka, tiya biyar zuwa shida ta ishe shi. Zurfin rami kada ya wuce gaɓa biyu ta yatsa, santimita 3 zuwa 5. Kafin shuka a cuɗa irin da garin maganin iri kamar Apron Star, ƙunshi ɗaya mai giram 10 ga kilo 4. A sa leda a hannu, kuma abin da ya rage kada a ci, kada a ba kaji. Bayan mako biyu a rage tsiro a bar biyu a kowane rami.

Wanda ba zai iya ware wa wake gona sukutum ba, akwai tsarin da masu bincike suka gwada a Kano ya yi kyau: kunya biyu ta gero ko dawa, kunya huɗu ta wake, a yi ta maimaitawa har ƙarshen gona. Wake yana samun rana, mai feshi yana samun hanyar bi, baɗi kuma a sauya wuraren. Ya fi jefa wake ƙarƙashin inuwar gero ta kowace fuska.

Game da taki, maganar da ake yi cewa wake ba ya buƙatar taki rabin gaskiya ce. Ba ya buƙatar yuriya, domin ƙullutun da ke jikin saiwarsa suna ɗauko masa sinadarin da ke cikin yuriya daga iska. In aka zuba masa yuriya sai ya yi ta ganye kore shar, fure kaɗan. Abin da yashinmu ya rasa shi ne sinadarin da ke cikin takin sufa. A ba hekta buhu biyu na kamfa 15-15-15 da buhu biyu na sufa, masu kilo 50, lokacin huɗa ko cikin mako na farko bayan tsiro, a binne a gefe kada ya taɓa iri. In kuɗi bai kai ba, a fifita sufa a haɗa da takin dabbobi da ya ruɓe. Mai son sanin ko saiwa na aiki ya tuge guda ɗaya a mako na biyar, ya fasa ƙullutun da farce. In cikinsa ja-ja ne, yana aiki. In fari ne ko kore, akwai matsala a ƙasar, galibi ƙarancin sufa ko yawan ruwa.

Noma sau biyu ya wadatar: firi a mako na biyu, maimai a mako na huɗu zuwa na biyar. A gama da fartanya kafin fure ya buɗe, don yawan kutsawa cikin wake a lokacin yana kakkaɓe fure.

Feshi, inda ake ci ko a faɗi

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a jira sai an ga ɓarna. A wake, lokacin da ido ya ga ɓarna an riga an makara. Akwai wasu ƙananan ƙwari baƙaƙe, sirara, ba su kai kan allura ba, da ke shiga cikin toho tun bai buɗe ba su tsotse shi. Manomi sai dai ya ga wakensa ya yi kyau, ganye luf-luf, amma fure yana zubewa, ya ce iska ce ko ido. A tsinko fure 20 daga wurare daban-daban na gona da sassafe, a buɗe su a kan farar takarda. Za a ga ƙwarin suna gudu, wani lokaci har da ƙaramar tsutsa mai ɗigo-ɗigo a baya. Wannan tsutsar ita ce ke ɗinke fure da ganye da zare kamar na gizo-gizo, ta huda ƙwanso ta bar kashinta a bakin ramin. Da zarar ta shige ciki magani ba ya kai mata sosai.

Shi ya sa ake bin kwanaki. Ga iri mai saurin nuna, feshi na farko kwana 30 zuwa 35 bayan shuka, lokacin da toho ya fara fitowa. Na biyu bayan kwana 10, fure ya cika gona. Na uku bayan wasu kwana 10, ƙwanso yana cika, don maganin ƙwarin nan masu dogon baki da ke tsotse ƙwaya su bar ƙwanso a shanye kamar an ƙona. In shekarar ta ƙwari ce ana iya ƙara na huɗu. Ga SAMPEA 20-T, ɗaya a farkon fure, ɗaya a lokacin ƙwanso. Mai yaɗo kuwa ba a bin kwanakin shuka, ana bin fitowar toho.

Darɓa tana zuwa da wuri, musamman in ruwa ya yi tsaiko bayan tsiro. In kaɗan ce a gefe-gefe, ruwa mai ƙarfi guda yana wanke ta. In ta lulluɓe kan tsiro, ganye ya fara nannaɗewa yana danƙo, a yi feshi nan take ba sai an jira kwana 30 ba, domin ita ce kuma ke yaɗa cutar da ke sa ganye ya yi dabbare-dabbare ya tsumbure.

Magungunan da aka fi amfani da su su ne masu sinadarin lambda-cyhalothrin, da haɗin cypermethrin da dimethoate. A karanta sunan sinadarin a jikin kwalba, don sunayen kamfani suna da yawa alhali abin ciki ɗaya ne. Yawanci haɗin nan na biyu lita ɗaya ce ga hekta. In hekta tana cin goyo 10 zuwa 13 na injin feshi mai lita 15, kowane goyo zai ɗauki mililita 75 zuwa 100. Amma ƙarfin magani ya bambanta, abin da aka rubuta a kwalba shi ne hukunci. A auna da ma'auni, a bar kintace da murfi. Ragewa don tsimi yana koya wa ƙwari jure magani, ƙarawa kuma yana ƙona fure. Yana da kyau a sauya sinadari tsakanin feshi da feshi, kuma kada a gauraya magunguna uku-huɗu a goyo ɗaya don wani ya ce haka ya fi.

A yi feshi da sassafe ko da yamma lis, lokacin da iska ta kwanta kuma zuma ba ta yawo. In hadari ya haɗo a dakata, ruwan da ya sauka cikin awa biyu zuwa uku ya wanke kuɗinka. Mai feshi ya sa doguwar riga, takalmi, ya rufe hanci da baki, ya sa iska a bayansa. Kada a hura bakin injin da baki in ya toshe. Kada a ba yaro goyo. Wannan abu yana damunmu ƙwarai, don yaran da ake turawa feshi da singileti ba su san abin da ke shiga jikinsu ba. A daina feshi aƙalla mako biyu kafin roro, kuma kada a tsinki ganye ko ɗanyen ƙwanso don miya a cikin waɗannan kwanaki.

Roro da harawa

A fara roro idan kashi 8 ko 9 cikin 10 na ƙwanso ya bushe. Irin tsaye yakan nuna kusan lokaci guda, mai yaɗo sai an bi shi sau biyu ko uku. Barin busasshen wake a gona yana sa ƙwanso ya fashe, kuma a can ne ƙwaron ajiya ke fara saka ƙwai. A shanya a kan tamfol kwana biyu zuwa uku, a buga da sanda a hankali kada ƙwaya ta farfashe, a sheƙe. Ƙowa kada a zubar, abincin dabbobi ce mai kuɗi.

Harawa a yanke ta da zarar an gama roro, tun ganye yana da sauran kore. A naɗe ta da safe da sauran raɓa don kada ganye ya kakkarye, a ɗora a sama inda akuya da gara ba sa kaiwa, in da hali a inuwa. Wadda ta riƙe korenta har bazara, lokacin da masu turkar raguna ke nema ido rufe, tana iya mayar da kuɗin taki da magani.

Ajiya ba tare da guba ba

Da kaka kowa yana sayarwa, farashi yana ƙasa. Riba tana wurin wanda ya iya riƙe wakensa zuwa bazara ko farkon damina. Abin da ke hana riƙewa ƙwaro ne: macen tana manna ƙwai a jikin ƙwaya, tsutsa ta shige ciki ta ci, cikin kamar wata guda ta fito ta zama uwa. Wata uku zuwa huɗu sun isa buhu ya koma huji da gari.

Tsoron haka ne ya sa wasu ke yayyafa fiya-fiya ko zuba garin magani a cikin wake. Wannan guba ce ake kai wa tukunyar mutane, har da ta mai waken. Ita ce kuma ta sa Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Najeriya a 2015, saboda yawan sinadarin dichlorvos da aka samu a ciki, aka kuma yi ta tsawaita dakatarwar. Ƙwayar hayaƙi da ake ce wa bom aikin ƙwararru ce a sito rufaffe. Hayaƙinta yana kisa, kada a taɓa sa ta a ɗakin da mutane ke kwana ko kusa da shi.

Hanyar da ta fi ita ce a hana ƙwaro iska. Buhun PICS, wanda Jami'ar Purdue ta Amurka ta ƙirƙiro, yana da ledoji biyu masu kauri a ciki da buhun saƙa a waje. Da farko a tabbata wake ya bushe: in an ciza ya fashe ƙas, ko a zuba ɗan wake da busasshen gishiri a kwalba a girgiza, in gishirin ya manne a jikin kwalba to da sauran laima. A tsince tsakuwa da guntayen ƙwanso, su ne ke huda leda. A hura kowace leda a matse don gano huji. A sa ɗaya cikin ɗaya, a zuba wake ana girgizawa don ya zauna, a bar wurin ɗauri. A matse iskar ledar ciki, a murɗe bakinta, a lanƙwasa, a ɗaure. Sannan ta biyu ita kaɗai, sannan buhun waje. Masu haɗa ukun su ɗaure wuri guda su ne ke cewa buhun ba ya aiki. A ɗora a kan katako nesa da bango, a yi maganin ɓera, kuma kada a riƙa buɗewa ana ɗiba. Na cin gida a ware shi daban. Jarka ko duro mai murfi mai kyau suna yin wannan aiki, muddin an cika su fal kuma ba a taɓa zuba mai ko magani a ciki ba.

Abin da ke gaba

Najeriya ce ta fi kowace ƙasa noman wake a duniya, duk da haka ba ya isarta. Shi ya sa waken Nijar ke shigowa ta Jibiya da Mai'aduwa ya wuce Dawanau a Kano, daga can ya yi kudu. Rufe iyaka a 2019, da kuma na 2023 bayan juyin mulkin Nijar, sun nuna yadda kasuwar ke dogara da wannan hanya. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ƙwayar wake sinadarin gina jiki ne, kuma muddin nama yana tsada, ƙosai da alale da ɗanwake da garau-garau ba za su bar tukunya ba. Kasuwar gida kaɗai ta ishi manomin Katsina. Ta waje kuma ba za ta buɗe ba sai an daina zuba guba a buhu.

Damina da ke zuwa a makare ta ɗauke da wuri ita ma tana tura mu wajen amfanin gona mai kwana 70. Matasa masu neman sana'a su dubi noman iri: ingantaccen iri yana ƙaranci duk shekara a lokacin shuka, kuma farashinsa ya fi na waken ci. Yana buƙatar rajista da hukumar iri ko yarjejeniya da kamfani, da cire duk tsiron da ya bambanta da sauran kafin fure.

Akwai kuma waken rani, wanda har yanzu ba mu ba shi haƙƙinsa ba duk da madatsun ruwa irin su Zobe, Jibiya, Ajiwa da Sabke. Ba a shuka shi cikin tsananin hunturu, sanyi yana hana shi tsiro da girma. A jira ƙarshen Janairu zuwa tsakiyar Fabrairu, a sa irin da bai damu da tsawon rana ba kamar SAMPEA 10 ko 14, don kanannado bai dace da rani ba. Ban ruwa sau ɗaya a mako yakan isa, a yashi sosai kuwa duk kwana huɗu zuwa biyar, kuma kada a bar shi da ƙishi lokacin fure. Tsutsa tana raguwa da rani, amma darɓa da ƙwarin fure suna nan, don haka feshi biyu zuwa uku bai faɗi ba. Ana roro a Afrilu zuwa farkon Mayu, lokacin da wake ya yi tsada, harawa ta yi wuya, kuma abin da aka ware daga ciki sabon iri ne da zai shiga ƙasa a watan Yuli.